Ayarin Utrar da Wanda Aka Kama a Gidan Rumji

A shekarar 1218 wani ayarin fatake ya sauka a Utrar, birnin kan iyaka da ke kusa da kogin Sir Dariya, a kudancin ƙasar da yau ake kira Kazakistan. Marubucin tarihi Juwaini ya ce mutanen ayarin sun kai 450, kuma Musulmi ne, sai dai daga ƙasar Jankis Han suka fito, da dukiyarsa da ta manyan fadawansa suke fatauci. Utrar na ƙarƙashin daular Huwarizm ta Sarki Ala'uddin Muhammad, wadda ta haɗa Buhara da Samarkand da Naisabur da mafi yawan ƙasar Farisa. Hakimin birnin, Inalcuk, daga dangin mahaifiyar sarki ya fito. Shi ne ya aika wa sarki cewa waɗannan baƙi ba su yi masa kama da fatake ba, domin suna tambayar abin da bai shafi ciniki ba, suna kuma tsorata talakawa da labarin abin da ke tafe. Nasawi, wanda ya yi wa ɗan sarkin aikin magatakarda daga baya, ya ce izinin tsare su kaɗai aka ba hakimin har a gano gaskiyarsu. Juwaini da Ibnul Asir kuwa sun ɗora umarnin kisan a kan sarkin da kansa. Ko wanne ne daidai, binciken dai ba a yi shi ba. Aka kashe mutanen, aka kwashe kayansu, mutum guda ya kuɓuta ya kai labari gabas.

Jankis Han bai ɗaura yaƙi nan take ba. Manzanni uku ya turo, Musulmi guda da Mongolawa biyu, da buƙata ɗaya: a miƙa masa Inalcuk. Sarki Muhammad ba shi da halin miƙa shi, don manyan jarumawan rundunarsa dangin uwarsa ne, wato dangin hakimin, kuma taɓa shi tamkar taɓa su ne. Sai ya sa aka kashe manzon nan Musulmi, aka aske wa sauran biyun gemu, aka mayar da su gida a wulaƙance. A 1219 rundunar Mongolawa ta ƙetaro. Utrar ta yi wata biyar a tsare kafin ta faɗi. Buhara, garin Imamu Buhari, ta faɗi a watan Fabrairun 1220, Samarkand ta biyo baya a watan Maris, sai Tirmiz, garin Imamu Tirmizi. Kafin ƙarshen shekarar sarkin ya mutu yana gudun hijira a wani tsibiri cikin tekun Kasbiyan. A Naisabur, mahaifar Imamu Muslim, kibiyar wani mai tsaron ganuwa ta kashe Tokucar, surukin Jankis Han. Da birnin ya faɗi a watan Afrilun 1221, ba wanda ya nemi sanin wa ya harba kibiyar. An ware masu sana'a 400 aka tafi da su, sauran jama'a aka karkashe, har Juwaini na cewa karnuka da kyanwoyi ma ba su tsira ba.

Abin da ya sa wannan tsohon labari ya cancanci a tuna da shi a maganar tsaron kudancin Maraɗi shi ne, da alama zaton Inalcuk gaskiya ne. Mongolawa sun saba aiki da fatake wajen leƙen asiri, kuma da wuya a ce cikin mutum 450 babu masu ƙirga ƙofofin ganuwa da rijiyoyin hanya. Amma Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma a Utrar ya zama har da wauta. Da an tsare mutanen nan an tambaye su ɗaya bayan ɗaya, da sarkin ya san yawan dawakin da ke bayan duwatsu da irin yaƙin da suke yi, da kuma ya saki waɗanda ciniki kaɗai ya kawo su, ya riƙe masu laifi da hujjar da zai nuna wa duniya. Da ya kashe su gaba ɗaya, ya binne labarin da yake matuƙar buƙata, ya kuma nuna wa kowane farke Musulmi cewa ransa ya fi aminci a hannun Jankis Han. Ba mamaki ba ne da mutanen Huwarizm irin su Mahmud Yalwaj suka ƙare suna yi wa Mongolawa hidima. Masana tarihi sun yi saɓani kan ko Jankis Han zai kawo yaƙin ko da ba a taɓa ayarin ba, musamman da yake a lokacin bai gama da daular Jin ta arewacin Sin ba. Amma ko da a ce yaƙin ba makawa, sarkin ya shige shi makaho, kuma shi ya makantar da kansa. Hakimin Utrar da mai rusa Naisabur laifi ɗaya suka yi, girma ne ya bambanta: kowannensu ya ƙi wahalar rarrabe mai laifi da maras laifi. Hujjata a nan ita ce, wannan rarrabewa ita ce ainihin aikin tsaro, kuma hukumar da ta bar ta don gaggawa tana raunana kanta ne da hannunta.

Gundumar Gidan Rumji, a jihar Maraɗi ta Nijar, ta haɗa Tsibiri, fadar Gobir tun 1836, da Cadakori da Gidan Sori da Saye Sabuwa, kuma kudancinta na kallon Sabon Birni da Isa na jihar Sakkwato. Tun wajen 2017 ƴan bindiga ke ƙetaro iyakar nan da dare a kan babura, su kore shanu, su ɗauke mutane su nemi kuɗin fansa na miliyoyin sefa, kamar yadda suke yi a maƙwabciyarta Madarunfa ta gefen dajin Baban Rafi. Daga 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka riƙa kwararowa neman mafaka. A watan Maris na 2021 hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ƴan Najeriya da ke fake a jihar Maraɗi sun kai 77,000, kuma ta tsugunar da wasunsu nesa da iyaka a Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori. Gwamnatin Nijar ta girke rundunar da ta sa wa suna Farautar Bushiya. Gabas da Maraɗi, a gundumomin Agiye da Gazawa, abin bai yi ƙamari haka ba, amma su ma Katsina ce a kudu da su, kuma arzikinsu na ɗaure da iyakar: ayar Cadawa da wake da bisashe su gangara kudu, mai da kayan masarufi su hauro arewa.

A irin wannan ƙasa, wane ne abin tuhuma? Ɗan bindigar da aka kama da makami a hannu bayan musayar wuta ba ya ba kowa wahalar tunani. Wahalar na ga sauran. A ɗauki mutumin da jandarmomi suka tare da yamma a kan hanyar jeji, babur ɗinsa ɗauke da jarkokin fetur huɗu a baya, buhun burodi a kan tanki, katin waya da ƙwayoyin magani a aljihu. Wannan shi ne kayan da ake kai wa ƴan bindiga a daji, kuma shi ne kayan da kowane mai tebur na ƙauyen kan iyaka ke sarowa don ya ciyar da iyalinsa. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun tura halattattun ƴan kasuwa zuwa ɓarauniyar hanya, har ya zama mai gaskiya da maras gaskiya turba guda suke bi, lokaci guda. Ga mahaucin da ya sayi saniya da araha bai tambayi asalinta ba. Ga wanda dangi suka roƙa ya kai kuɗin fansa, saboda haka lambar ƴan bindiga na cikin wayarsa. Ga baƙon da ya gudo daga Sabon Birni ba mai shaidarsa. Ga makiyayin da laifinsa a idon maƙwabta shi ne harshensa ɗaya da na wasu ɓarayin. Cikin waɗannan akwai masu kai rahoto na gaske, waɗanda ke nuna gidan wanda ya sayar da amfanin gona jiya, kuma su ne suka fi ci wa jama'a rai domin a cikinsu suke kwana. Amma kamanni ba ya nuna su. Sai an zauna an shiƙe, iska ta ɗebi ƙaiƙayi tsaba ta zauna a faifai, kuma shiƙa aiki ne mai cin lokaci.

Mutanen Gidan Rumji ba sa buƙatar a je Asiya a ɗauko musu misalin abin da ke faruwa idan aka tsallake wannan aiki. A ƙarshen watan Oktoban 1991, daidai lokacin da babban taron ƙasa ke dab da kammaluwa a Yamai, rikici tsakanin manoma da makiyaya ya ɓarke a yankin Toda. Kafin ƙura ta lafa an kashe fiye da mutum 100, galibinsu Fulani mata da yara, wasu ma ƙone su aka yi. Ko me ya tayar da rikicin, ko wa ya fara zubar da jini, ba jaririn da ke goye ne ya yi ba. Gayya ba ta tambayar suna, kuma wannan shi ne bambancinta da kotu ko da kotun ta lalace. Dokar karkara ta 1993, da hukumomin filaye da ta kafa don shata burtali da sasanta ɓarnar gona kafin ta kai ga jini, an yi su ne da sanin irin wannan masifa. Kusan shekara talatin bayan Toda, a watan Afrilun 2021, ƙungiyar nazarin rikice-rikice ta Crisis Group ta fitar da rahoto kan kudu maso yammacin Nijar, tana gargaɗin cewa fashin kan iyaka na neman rikiɗewa ya zama gaba tsakanin ƙabilu, inda ƴan banga ke fitowa daga ɓangare guda, tuhuma kuma ke faɗawa kan ɗaya ɓangaren. Wanda ya san Toda ba zai ɗauki wannan gargaɗi da wasa ba.

Akwai ƙorafin da duk mai irin ra'ayina ya wajaba ya tsaya ya saurara, domin daga bakin waɗanda aka zalunta yake fitowa. Cewa suke yi: mun kama ɓarawo mun kai hukuma, bayan ɗan lokaci sai ga shi a kasuwa, kuma yanzu ya san wanda ya tona shi. Mutumin da ya sayar da gonarsa da shanun hudarsa don ya fanso matarsa, idan ya ce shari'a ba ta da amfani, ba jahilci ne ke magana ba, abin da ya gani ne. Sai dai a tambaya, me ya sa ake sakin? Wani lokaci cin hanci ne, kuma wannan laifi ne da ya kamata a hukunta shi kamar fashin kansa. Amma sau da yawa dalilin ya fi haka sauƙi: takardun ƙarar babu komai a ciki. Wanda ya yi kamun soja ne da aka horar don yaƙi, bai rubuta inda ya kama mutum da abin da ya samu a hannunsa ba. Wayar da ya kamata a bincika ta ɓace. Shaidu sun ƙi zuwa don suna tsoron dare. Alƙalin da aka miƙa wa mutum ba tare da hujja ba, ko dai ya sake shi ko ya ɗaure shi bisa zato, kuma idan ya zaɓi na biyun yau a kan ɓarawo, gobe a kan ɗan wanda ya kawo ƙarar zai yi. Maganin sakin mai laifi shi ne a gyara kamu da bincike. Rage shari'a ba zai cika takardun da ba a rubuta ba.

Nijar ta riga ta ɗanɗana wannan a gabas. Tun 2011 ƙasar ke da kotu ta musamman a Yamai mai kula da shari'o'in ta'addanci, da rundunar bincike ta musamman da ke yi mata aiki. Bayan harin Boko Haram kan Difa da Boso a Fabrairun 2015, an yi ta kame, ana loda mutane a mota ana kai su gidajen kason Kollo da Kutukale da Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1,300 daga garuruwansu. Gyaran dokar 2016 ya ba masu bincike damar riƙe wanda ake tuhuma da ta'addanci kwana 15, a kuma sabunta sau ɗaya, alhali mai laifi na yau da kullum awa 48 ne, sannan ana iya tsare shi har shekara huɗu yana jiran shari'a. Da aka fara yi wa mutum wajen 1,000 shari'a a watan Maris na 2017, sai ta bayyana cewa da yawansu ba abin da ke kansu sai tsegumin maƙwabci ko kasancewa a wurin da aka yi samame, aka yi ta sallamarsu. Najeriya ma haka ta gani a barikin Kainji: a zaman Oktoban 2017 an ɗaure 45 aka sallami 468, a zaman Fabrairun 2018 aka ɗaure 205 aka sallami 526. Amurka da duk dukiyarta ta tara mutum wajen 780 a Gwantanamo daga 2002, mafi yawansu ta sake su ba tare da ta gurfanar da su ba. Wani daga cikin waɗannan da aka sallama ya koma gida ya tarar da gona ta zama saura, wani ya tarar aurensa ya mutu, kuma shekarun da ya yi a kaso tare da ƴan ta'addan gaske ya yi su, yana jin wa'azinsu dare da rana. Kutukale da aka kai wa hari a 2016 da 2019, aka kuma fasa a watan Yulin 2024, ba wurin da ya dace a ajiye mai sayar da fetur na Gidan Sori ba ne don kawai ba a tantance shi ba.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko tsauri. Masu shi na cewa tsoro na aiki, kuma tarihin da na kawo da kaina shaida ne, tunda bayan Naisabur birane da dama sun buɗe ƙofa ba faɗa. Gaskiya ne, tsoro na cin gari. Amma cin gari daban, riƙe shi daban. Mongolawan da kansu sai da suka nemo Mahmud Yalwaj da ɗansa Mas'ud su farfaɗo da biranen da suka rusa, kuma Gazan Han, da ya hau mulkin Farisa a 1295, ya tarar da manoma sun watse, baitulmali ba kuɗi, ya shafe mulkinsa yana lallashinsu su dawo gona. Ban da haka, Jankis Han baƙo ne a Huwarizm, bai damu ko mutanenta sun so shi ba. Sojan Nijar a Tsibiri ba baƙo ba ne, kuma abin da ya fi buƙata ba ya samuwa da tsoro: yana buƙatar makiyayin da ya ga sawun babura goma da asuba ya ɗauki waya ya kira. Makiyayin nan shi ya fi kowa sanin daji, shi ne kuma farkon wanda ɓarayin shanu ke talautawa. Idan ya san cewa kusantar hukuma na iya ƙarewa da shi a bayan mota, ko kuma ƙanensa na tsare shekara biyu ba a ce ga laifinsa ba, zai yi shiru, kuma shirunsa ya fi bindiga ɗari amfani ga ƴan fashi. Zamfara ta nuna ƙarshen wannan hanya. Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a binciken da ya gabatar a 2021, ya nuna yadda kisan gilla da ƴan sa-kai ke yi wa Fulani a kasuwanni ya zama babbar hanyar da gungun ƴan bindiga ke samun sabbin mabiya. A Maiduguri kuwa, sojoji sun kama Muhammad Yusuf da ransa a ƙarshen Yulin 2009 suka miƙa wa ƴan sanda, aka kashe shi a hannunsu. Duk abin da ya sani game da masu ba shi kuɗi da masu ɗaure masa gindi ya tafi da shi kabari, mabiyansa suka samu shahidi, jagoranci ya faɗa hannun Abubakar Shekau.

Wani zai ce wannan duk tunanin Turawa ne da ƙungiyoyinsu na kare haƙƙin ɗan Adam. Ba haka ba ne. Suratul Hujurat ta umarci muminai su tantance labari kafin su auka wa mutane cikin rashin sani, kuma Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa ba a ɗora wa rai nauyin laifin wani. Malaman fiƙihu ba su kasance masu sakaci da tsaro ba. Ibn Farhun, malamin Malikiyya da ya rasu a 1397, a littafinsa Tabsiratul Hukkam da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe da sani, ya bi rabon da malamai suka yi wa waɗanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da kirki, wanda aka sani da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba. Na farko ba a taɓa shi da zargi kawai. Na ƙarshe ana iya tsare shi har a bincika. Na tsakiya ana tsananta masa fiye da haka, kuma malamai sun yi saɓani kan iyakar tsanantawar da kuma ingancin iƙirarin da aka samu ta hanyar tilas. Ba zan ɓoye cewa wasunsu sun halatta abin da dokar yau ta hana ba. Amma abin lura shi ne dukan ginin ya tsayu ne a kan sanin mutum ɗaya ɗaya, da halinsa da shaidar da garinsu ke yi masa. Babu gida na huɗu da aka tanada wa ƙabila ko sana'a ko ƙauye.

Wajibi ne kuma a faɗi ɗaya gefen, domin rashin rarrabewa fuska biyu gare shi. Sakin mutane jumla ba tare da an san abin da kowannensu ya aikata ba, shi ma ƙin yin aikin ne. Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya yi sulhu da ƴan bindiga a 2016, ya sake yi a 2019, a 2020 ya fito ya ce sun ci amanarsa. Zamfara ta gwada nata a 2019 ƙarƙashin Bello Matawalle, bai ɗore ba. A Fabrairun 2022 Shugaba Mohamed Bazoum ya bayyana cewa ya saki wasu mutum tara da ake tsare da su kan ta'addanci don buɗe ƙofar tattaunawa, abin da ya jawo muhawara mai zafi a ƙasar. Ba na cikin masu cewa haramun ne a yi magana da abokin gaba, kusan kowane yaƙi da magana yake ƙarewa. Amma afuwar da ba ta bi ta gaban alƙali ba tana gaya wa matar da aka kashe wa miji cewa jininsa kayan ciniki ne, tana kuma gaya wa saurayin da ke kallo cewa bindiga ce gajeriyar hanyar zama da gwamna. Shirin Gudumariya na jihar Difa, da aka buɗe wa tubabbun Boko Haram bayan kiran da gwamnati ta yi a Disamban 2016, aka kuma yaye rukunin farko a Disamban 2019, ya fi kusa da daidai a tsarinsa, domin an gina shi a kan tantance wanda aka ja da ƙarfi ko yunwa daga wanda ya jagoranci kisa. Jinkirin da ya yi da ƙarancin abin da aka tanada wa waɗanda aka cuta su ne rauninsa.

A ranar 27 ga Agustan 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta kafa dokar da ta samar da kundin sunayen mutane da ƙungiyoyin da ake dangantawa da ta'addanci ko cin amanar muradun ƙasa. Ana iya sa sunan mutum tun daga lokacin da aka buɗe bincike a kansa, kafin kowace kotu ta yanke hukunci, kuma shiga kundin na iya jawo a riƙe dukiyarsa, a hana shi tafiya, har a dakatar da zamansa ɗan ƙasa. A watan Oktoban shekarar aka fara da mutum tara na kusa da hamɓararriyar gwamnati. A ranar 3 ga Disamba aka kama Moussa Tchangari, jagoran ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, daga baya aka tuhume shi da laifuffukan da suka haɗa da yabon ta'addanci. Masu goyon bayan dokar na cewa ƙasa na cikin yaƙi, kuma akwai masu yi mata zagon ƙasa daga waje da hannun kotu ba ya kai musu. Damuwar tana da tushe. Amma hukuncin da ke zuwa kafin shari'a ya juya tsari ya mayar da zargi hujja, kuma duk lokacin da sunan ɗan ta'adda ya faɗaɗa har ya rufe ɗan adawa da mai sukar gwamnati, masu binciken da ba su da yawa za su raba ƙarfinsu, wanda ya sace mutane a Gidan Rumji ya samu sarari.

Saura batun jami'in da ya wuce gona da iri, wanda a nan ne gwamnatoci suka fi jin nauyi, domin hukunta mai kaki a tsakiyar yaƙi na kama da karya gwiwar sauran. A watan Satumban 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, wadda kundin tsarin mulki ya kafa, ta ce ta gano gawa 71 a kaburburan bai-ɗaya a yankin Inates na jihar Tilaberi, cikin mutum 102 da suka ɓace a watannin Maris da Afrilu, ta kuma ɗora alhakin a kan wasu sojoji. Hukumomin tsaro sun musanta. Abin a yaba ne cewa hukumar ƙasa ce ta yi wannan bincike, ba baƙi ba. Amma bincike irin wannan sai ya kai gaban alƙali a bainar jama'a kafin ya wanke wanda bai yi ba, ya kama wanda ya yi. Idan bai kai ba, zargin na zama a kan kakin gaba ɗaya, har da na sojan kirki da ke kwana cikin sauro a bakin iyaka don mutanen Cadakori su yi barci.

Abin da wannan ke nema a Maraɗi ba shi da ban mamaki, kuma wani ɓangarensa an taɓa gwada shi a ƙasar. A 2018 kotun ta'addanci ta tashi daga Yamai ta je ta zauna a Difa, inda shaidu ke kusa, jama'a kuma suka ga hukunci da idonsu. Yamai na da nisan fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, kuma manomin Saye Sabuwa ba zai bar gonarsa da damina ya je can ba da shaida a kan mutumin da ƴan'uwansa ke kwana a dajin bayan gidansa ba, sai in kotun ta matso, an kuma ɓoye sunansa. Kowace tawagar sintiri na buƙatar jandarman bincike a cikinta, wanda zai rubuta wuri da lokaci da abin da aka samu tun a inda aka yi kamun, ya rufe waya a ambulan da lamba. Mai gari da arɗo da limami su zama waɗanda ake tambaya game da halin wanda aka kama cikin kwanakin farko, a kuma rubuta abin da suka faɗa da sunansu, don kada shaidar ta zama hanyar rama tsohuwar gabar gona. Ƴan banga su tsaya ga tsaron gari da kai rahoto, wanda suka kama su miƙa shi da ransa da lafiyarsa a ranar. Wanda aka tsare aka gano ba shi da laifi a sallame shi da takardar wankewa da zai nuna wa mai garinsu, a kuma mayar masa da babur ɗinsa da kuɗin da aka samu a jikinsa.